Kuɗin Gwamnati Na Jari: Wanne Ne Kyauta, Wanne Ne Rance?

 

Yau zancenmu na kuɗi ne, na kuwa san da jin haka wata za ta gyara zama. Tun daga Yelwa har Wara, daga Shanga har Birnin Yauri, da wuya ki shiga gida ki rasa mace mai sana'a. Wannan tana banda, waccan tana gumi, wata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wata daddawa, wata kuwa albasa ta ke saye sa'ad da ta yi araha ta ajiye. In kika tambayi kowace ɗaya abin da ya hana sana'arta girma, amsar ɗaya ce, rashin jari. Ga shi kuma kullum muna ji a rediyo an ce Gwamnati ta fitar da biliyan kaza domin masu ƙananan sana'o'i. To, ta wace ƙofa a ke shiga? In Allah ya sa an samu, me ya kamata a yi da su? Abin da na ke so mu duba ke nan, mu duba shi a tsanake.

Abu na fari da za ki tambaya, tun ba ki miƙa hannu ba, shi ne: kyauta ne ko rance? Kada ki ji kunyar wannan tambaya, kada kuma ki yarda a ce miki, "Ke dai karɓi, ai kuɗin Gwamnati ne." Taimakon Gwamnati iri uku ne. Akwai tallafi, watau kyauta wadda ba a biya. Akwai rance, wanda a ke biya ko da ba a ɗora masa ruwa ba. Akwai kuma koyarwa da kayan aiki, kamar keken ɗinki ko injin niƙa. Rashin rarrabe waɗannan uku shi ya jefa mutane da yawa cikin wahala, har ya rufe wa na baya ƙofa.

Ga misali wanda yawancinku kun gani da idonku. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta fara wani shiri mai suna GEEP, ta danƙa shi ga Bankin Masana'antu. A cikinsa akwai MarketMoni, wanda a ke bai wa 'yan kasuwa ta hanyar ƙungiyoyinsu, daga naira 50,000 zuwa sama. A 2018 aka ƙara TraderMoni domin masu ɗan tebur da masu talla. Sharaɗinsa mai sauƙi ne: a ba ki naira 10,000 ba jingina, ki biya cikin wata shida. In kin biya a ba ki 15,000, in kin sake biya a ƙara, a yi ta hawa har 100,000. Kun ga tsani ne aka kafa. Amma da ya ke rabon ya zo gab da zaɓen 2019, har Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, yana shiga kasuwanni ana rajista a gabansa, sai mutane da yawa suka ɗauka goron siyasa ne. Suka karɓa, suka kashe, suka tsaya a matakin farko. Wadda ta ci dubu goma ta ƙi biya ta ga kamar ta yi wayo, alhali dubu tasa'in ta bari a sama.

Na maza ya fi wannan girma, kuma a jiharmu aka fara shi. Ran 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya buɗe shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya, wanda kowa ya sani da sunan Anko. A kan bai wa manomi iri da taki da injin ban ruwa da ɗan kuɗin aiki, da kaka ya biya da shanshera. Ba mai musun cewa noman shinkafa ya bunƙasa a shekarun nan. A ƙarshen 2016 har Kebbi da Legas suka haɗa hannu suka fitar da shinkafar Lake Rice. Matan da ke gumi su ma sun ga alheri, gama shanshera ta wadata. Amma wajen biya fa? Kuɗin da aka raba a ƙasa baki ɗaya sun haura naira tiriliyan ɗaya, kuma a farkon 2023 Babban Bankin da bakinsa ya ce kashi 52 cikin ɗari na waɗanda lokacin biyansu ya yi ne suka dawo. Gaskiya ne waɗansu ambaliya ce ta cinye gonakinsu, kamar wadda aka yi a 2020, waɗannan ba a ga laifinsu ba. Waɗansu kuwa aure suka ƙara, ko babur. Da sabon Gwamnan Babban Banki ya hau a ƙarshen 2023, sai aka daina karɓar sababbin masu neman irin wannan rance. Wanda bai ci ba, bai sha ba, shi ma ƙofar ta rufe a gabansa.

Akwai wani abu kuma da na ke so kowace mace ta sani. Tun daga Agusta 2020 Babban Banki ya ba bankuna izini, in mutum ya ci rance ya sa hannu a kan sharaɗin, ya ƙi biya, a bi lambarsa ta BVN a ɗebi kuɗin daga kowane asusu nasa, ko a wane banki ya ke. Sabo da haka zamanin da a ke cin bashi a nan a gudu can a buɗe sabon asusu ya wuce. Wata rana ɗanki zai aiko miki da kuɗin cefane daga Legas, kafin ki kai wurin mai POS an kwashe.

Kada ku ce na zo in tsorata ku. Akwai na kyauta, kuma halal ne ki nema, dukiyar ƙasarki ce. A 2020, lokacin annobar korona, an bai wa masu sana'ar hannu naira 30,000 kowanne, aka kuma yi wa masu sana'a 250,000 alkawarin rajistar sunan sana'arsu kyauta. Bayan an cire tallafin man fetur a Mayu 2023, Gwamnatin Shugaba Tinubu ta shirya bai wa mutum miliyan ɗaya naira 50,000 kowanne a ƙananan hukumomi 774, aka ce kashi 70 cikin ɗari na mata ne da matasa, aka fara biya a 2024. Sai dai kada yawan sifiri ya ruɗe ki. A 2018 dalar Amurka ɗaya wajen naira 360 ta ke a kasuwa, a 2024 kuwa ta kai 1,500. In kika lissafa za ki ga dubu hamsin ta 2024 ba ta fi dubu goma ta 2018 da wani abin kirki ba. Kuɗi ne na ƙara wa sana'ar da ke tafiya ƙarfi. Ba za su gina miki shago ba.

Mu mutanen bakin ruwa ai ba baƙin hannun Gwamnati ba ne. Ku tambayi kakanninku. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, ruwa ya taru a 1968, ya zama tabki mai tsawon fiye da kilomita 130. Ya cinye tsohuwar Busa, ya cinye gungu da yawa inda Gungawa ke noman albasa da gero tun kaka da kakanni. Mutum wajen 44,000 aka tayar, aka gina musu sababbin ƙauyuka. A shekarun farko kifi ya yi yawa har Sarkawa da masunta na nesa suka yi ta zuwa, daga baya ya ja baya. Tun daga nan shirye-shirye nawa suka zo suka wuce? A 1987 uwargidan Shugaban Ƙasa, Maryam Babangida, ta kawo shirin kyautata rayuwar matan karkara. A 1989 aka buɗe Bankin Al'umma mai ba talaka rance ba jingina, a 2000 aka haɗe shi da waɗansu, sunansa ya ɓace. A shekarun 1990 Jamusawa sun zo sun yi aiki da masuntan tabkin nan, suka gama suka koma. Ko GEEP ɗin nan, an sabunta shi a 2021, sa'an nan a Janairu 2024 aka dakatar da shirye-shiryen hukumar da ke riƙe da shi domin bincike. Abin da na ke nufi shi ne, kowane shiri yana da ranar buɗewa da ranar rufewa. Wanda kika ji labarinsa bara, watakila bana babu shi. Kada ki dogara da jita-jitar gidan biki. Ki aika, ko ki je da kanki sakatariyar ƙaramar hukuma, ki tambayi jami'ar da ke kula da al'amuran mata abin da ke buɗe a yanzu.

Cikin dukan shirye-shiryen nan akwai ɗaya da na fi so mu tsaya a kansa, domin ni a ganina shi ya fi dacewa da mu, kuma a ƙasarmu aka gwada shi. A Yuni 2018 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 100 ga Nijeriya domin wani shiri na mata zalla. Jihohi shida aka zaɓa, Kebbi tana ciki. A Kebbi kuma aka ɗauki ƙananan hukumomi uku, Argungu da Maiyama da Ngaski. Ga yadda aka tsara shi. Ba a fara da raba kuɗi ba. Mata goma sha biyar zuwa ashirin da biyar, 'yan unguwa ɗaya waɗanda suka san juna, su za su haɗa ƙungiya. Su zaɓi shugaba da ma'aji da mai rubutu. Kowane mako su zauna, kowacce ta zuba abin da ta iya a asusu, a rubuta a littafi a gaban kowa. In asusu ya yi nauyi, wadda ke bukata ta ranta, ta juya, ta mayar. Ana kuma ware ɗan wani abu domin ranar rashin lafiya ko haihuwa ko rasuwa. Sai ƙungiya ta yi watanni tana haka, an ga littafinta daidai, an koya wa matan lissafin sana'a, kana kowacce ta faɗi abin da za ta yi da kuɗi, a rubuta, a ba ta tallafi har zuwa naira 60,000. A Yuni 2023 Bankin Duniya ya ƙara amincewa da dala miliyan 500 domin a faɗaɗa shirin zuwa waɗansu wurare.

Za ku ce, ai wannan adashi ne. I, ɗan'uwan adashi ne, amma da bambanci. A adashi kwasa a ke yi bi da bi, in kin kwashe naki shi ke nan sai wani zagaye, kuma kome yana hannun uwar adashi da cikin kanta. A nan kuwa kuɗin suna zaune suna ƙaruwa, akwai littafi, kowa ta san abin da ke ciki. Littafin nan shi ne shaidarku. Banki ba ya ganin tukunyarki, ba ya ganin bandarki, amma in kuka ajiye masa littafin shekara guda, ga zubi, ga rance, ga biya, ba tsallake, dole ya saurare ku. Ba mu muka fara ba. A ƙasar Bangaladash wani malamin jami'a, Muhammad Yunus, ya fara ba matalauta rance daga aljihunsa a wani ƙauye a 1976. Abin ya zama bankin Grameen a 1983, yawancin masu cin rancensa mata ne 'yan ƙananan ƙungiyoyi, har aka ba shi lambar Nobel a 2006. Abin da ya gano shi ne, mace takan ji nauyin idon maƙwabtanta fiye da takardar alƙali.

To, ku matan Yauri da Shanga, da ku na Ngaski da shirin bai kai unguwarku ba, me ya hana ku kafa taku? Ba sai an zo da mota an kafa muku ba. Littafi ɗaya, da biro, da akwati mai kwaɗo, da amana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kun yi ƙarfi ku yi rajista a sashen ƙungiyoyin gama kai na jiha, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, wanda ba a fitar da ko kwabo sai mutum biyu ko uku sun sa hannu. Yawancin taimakon da ke zuwa ta hannun ƙungiya ya ke bi. Amma ku yi hankali da ƙungiyar da a ke haɗawa dare ɗaya don an ji kuɗi na tafe. Irin wannan ranar rabo ta ke mutuwa, wani lokaci har da zumunci.

Yanzu sai takardu. Abu huɗu ne, ki tanade su tun babu labarin kome: lambar katin ɗan ƙasa, watau NIN, da lambar BVN, da asusun banki, da layin waya. Dukansu da sunanki, ba na maigida ba, ba na ɗanki ba. Ki kuma tabbata sunan iri ɗaya ne a ko'ina. Mu mata muna da wannan matsala: a nan an rubuta sunan yanka da na uba, a can an rubuta laƙabi da sunan miji, shekarar haihuwa kuma kowane ofis da tasa. Na'ura ba ta san ke ce ba. Da ta ga saɓani sai ta tsallake ki, ke kuwa kina gida kina cewa an yi son kai. Son kai akwai shi, ban musa ba, amma ki fara toshe taki ɓarakar. Wadda sana'arta ta ɗan tasa, tana iya rajista da hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i, wadda aka kafa a 2003, da hukumar rajistar kamfanoni domin sunan sana'a. Mai son ta ɗura man gyaɗa a kwalba ta liƙa suna ta kai kanti, sai ta nemi lambar NAFDAC.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru a unguwarmu. Wani saurayi ya zo da jaka da tarin takardu, ya ce shi wakili ne, ana rabon jari, kowace mace ta kawo dubu biyu kuɗin fom. Mata suka yi layi, har da wadda ta sayar da kazarta. Ni ma, kada in ɓoye muku, na ba da na ƙanwata. Ya rubuta sunaye da lambobi, ya ce mako biyu. Yau shekara ta zagayo ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Wata dattijuwa ma ya kira ta daga baya, ya ce ta karanta masa lambobin da suka shigo wayarta domin a saka mata kuɗi. Ta karanta. Ɗan abin da ta tara na auren jikarta ya tafi. Ku riƙe wannan da kyau: shirye-shiryen tallafin nan da na ambata ba a sayar da fom ɗinsu. Lambar sirri ta katinki, da lambar da banki ke aikowa a waya, ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki ya ke.

Mu ce Allah ya sa kin samu. Me za ki yi? Tun kuɗin ba su zo ba ki yi lissafi. Mu ɗauka rancen naira 50,000 ne na wata shida. Wata shida mako 26 ne, watau kowane mako sai kin fitar da kusan naira 2,000. Sai ki tambayi kanki, ribar da na ke samu a mako, bayan na cire kuɗin kifi da itace da kwando da jirgi ko mota da na dillali, ta kai nawa? In dubu uku ce, kin ga dubu ɗaya ce taki har wata shida. Za ki iya? In makon ya zo ba kifi fa? Mu nan sana'armu da ruwa ta ke tafiya. Tabkin yana cika yana janyewa, akwai ruwan damina, akwai wanda ke isowa da sanyi daga can ƙasar Gini inda Kwara ta faro. Akwai lokacin warangi, akwai lokacin da masunta ke dawowa da jirgi ba nauyi. Rance kuwa bai san wannan ba, ranar biya ranar biya ce. Sabo da haka mai banda ta karɓa gab da lokacin kifi. Mai gumi ta karɓa da kaka, sa'ad da shanshera ke araha. Mai ajiyar albasa kuwa ta yi hattara ƙwarai da rancen da a ke biya mako mako, gama ita kuɗinta suna kwance a rudu wata da watanni, kuma ba dukan abin da ta zuba za ta kwasa ba, wata ta ruɓe, wata ta tsiro. Irin wannan sana'a kuɗin tallafi ko na asusun ƙungiya suka dace da ita.

In kuwa kyauta ce, shawarata ita ce ki sa ta a abin da zai daɗe yana yi miki aiki. Ku masu banda kun fi ni sanin inda asara ta ke: itace mai tsada, kifi ya ƙone a ƙasa, na sama bai bushe ba, ya kakkarye a kwando, ƙwari su shiga. Tarwaɗa ko ƙarfasa da ta karye ba ta yin kuɗin lafiyayya. A ƙasar Gana, a wata unguwar masunta da a ke kira Chorkor kusa da Ankara, tun 1969 masana suka haɗa kai da matan wurin suka gyara banda. Murhu ne na laka, a kansa a jera faifan katako masu ragar waya, ɗaya bisa ɗaya, har goma ko fiye. Hayaƙi da zafi ba sa tserewa, itace kaɗan ya gasa kifi mai yawa, kuma juyawa ba wuya, faifai a ke ɗagawa. Kafinta da magini na gari suna iya yinsa. Ga kuma cibiyar binciken kifi ta Gwamnatin Tarayya nan kusa da mu a Sabuwar Busa, ta daɗe tana ƙera bandar zamani tana koyarwa. Ƙungiya tana iya tura mutum biyu su gano. Kifin da ya bushe sarai ba ya bukatar a yayyafa masa maganin ƙwari. Wannan ɗabi'a kuwa, don Allah a bar ta, guba ce a ke ba mutane, kuma 'ya'yanmu ma suna ci.

Masu gumi, ku ma haka. Abin da ke karya farashin shinkafarmu tsakuwa ce da wari da baƙin ƙwaya. Tamfol na shanya, maimakon bakin titi, da tukunya mai rariya a ciki yadda tururi ne zai dafa shanshera ba ruwa ba, da wanke ta sosai kafin a jiƙa, waɗannan ba su fi ƙarfin dubu hamsin ba, kuma mudunki zai fi na maƙwabciya daraja a kasuwar Yelwa.

Ga wata magana mai nauyi, amma tilas in faɗe ta. Kuɗin nan da sunanki aka rubuta. Ki shawarci maigida tun da fari, ki nemi yardarsa, ki gaya masa ko nawa ne da ranar biya, domin zaman lafiya ya fi kome, kuma namijin kirki shi zai taya ki. Amma shawara dabam, miƙa jari dabam. Addini ya ba mace ikon dukiyarta. In ya ce ki ba shi ya sa a gona, da kaka ya mayar, to ku yi shi a matsayin rance, a gaban shaida, a rubuta. In gona ta ƙi, ba shi za a nema ba, ke za a nema. Haka kuma biki. Na san nauyin gudummawa da anko da kayan ɗaki, ni ma uwa ce. Amma jarin da aka taɓa domin suna ba ya komawa yadda ya ke. Ki ware kuɗin sana'a a wuri dabam, ki yanka wa kanki abin da za ki riƙa ɗauka daga riba, in ya ƙare ya ƙare.

Waɗansu sun tambaye ni batun ruwa. Tambaya ce mai kyau. Rancen TraderMoni da MarketMoni an ce ba ruwa a kansu, sai ɗan kuɗin hidima. Na Anko da irinsa suna da ruwa, ko da ya ke bai kai kashi goma cikin ɗari ba, kuma a 2020 Babban Banki ya fitar da tsarin waɗansunsu marar ruwa. Akwai kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz wanda ya fara aiki a 2012. Ki sa a karanta miki takarda duka kafin ki dangwala, ki tambayi jimlar abin da za ki mayar, in zuciyarki ba ta kwanta ba ki kai wa malamin da kika yarda da shi.

Ku masu ƙetare ruwa zuwa cin kasuwa, kalma ɗaya. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a Mayu 2021 ba, da ɗimbin rayukan da suka tafi, Allah ya jiƙansu. Hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan madatsun ruwa, wadda aka yi dokarta a 2010 amma ba ta fara aiki ba sai bayan shekara goma, ta raba rigunan ruwa, ta kuma koya wa matasa sana'a ta ba su kayan aiki, kuma ƙasar Yauri tana cikin yankinta. Ku nemi rigar, ku sa ta. In jirgi ya cika ku jira na baya. Kada kuma ki ɗaure dukan jarinki a bakin zane ki hau ruwa da shi, ki bar wani a asusu.

Saura ku 'yan makaranta. Kada ku ce wannan zancen iyaye ne. Yawancin neman tallafin nan yanzu ta waya a ke yinsa, ta intanet, da Turanci, kuma iyayenmu da yawa ba su samu karatun boko ba. Ke ce idon mahaifiyarki. Ke za ki karanta mata saƙon banki, ki duba ko sunanta ya yi daidai a takardu, ki raka ta shagon da a ke cike fom kada a sa lambar asusun wani a madadin tata. Ƙungiyar unguwarku ma tana bukatar mai rubutu, kuma lissafin da a ke koya muku a aji nan ne wurin aikinsa.

Ga aikin da na ba ku na wannan mako. Ki sami littafi sabo mai arha. Ki ja layi ki raba kowane shafi gida uku: abin da aka saya, abin da aka sayar, abin da aka ɗauka domin gida. Kowace yamma bayan sallar magariba ki zauna da Inna minti goma, ta faɗa ki rubuta, har bashin da ta bayar da wanda ta ci, har itace, har ƙosan da aka saya wa ƙanenki daga kuɗin ciniki. Ran Juma'a ku tara ku gani. Ku yi haka mako huɗu, sa'an nan ki rubuto wa Filin Mata ta hannun Edita abin da kuka tarar, da irin sana'ar, da garinku. Ba sai kin sa sunan Inna ba. Waɗanda suka iso da wuri za mu buga su, mu yi lissafinsu tare.